Gwanintar Masu Shirya Baje Kolin Kaduna

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya a farkon bazara, ya iso wajen Rigachikun, zai tarar da tutoci da cunkoson motoci a bakin filin baje koli. Kwana goma ake yi ana cin wannan kasuwa ta ƙasa da ƙasa, wadda cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, take shiryawa, kuma a 2019 aka yi karo na 40. Mai kallo rumfuna yake gani da kaya. Ni kuwa waɗanda suke burge ni su ne mutanen da suka shafe watanni kafin ranar buɗewa suna ƙulla yadda wane zai haɗu da wane.

Sa rana ma aiki ne. Dole a kauce wa damina, a duba inda azumi zai faɗo, a yi la'akari da shekarar zaɓe, sannan a tabbata ba a yi karo da baje kolin Legas ko na Enugu ba, domin manyan kamfanonin da ake zawarci duk su ne dai. Bayan wannan sai wasiƙu, da bibiyar ofisoshin jakadanci, da zama da jami'an tsaro, da lissafin man janareto.

Amma inda ake gane gwani shi ne wajen rabon rumfuna. Babban kamfani zai biya kuɗin fili mai faɗi, ya kawo lasifika da kiɗa, kuma da kuɗinsa ake gudanar da taron. Sai ga maƙeri daga Panteka, ya ɗauko injin casar masara da ya haɗa da hannunsa, bai da ko kuɗin buga takardar talla. Wanda bai iya ba zai jefa shi can ƙurya kusa da masu tsire, ya wuni yana korar ƙuda. Wanda ya iya kuwa zai ajiye shi a hanyar da manoma suke bi, ya ja masa wuta, ya ware masa sa'ar da za a rage kiɗa. A kawo buhun masara, a tada inji, tsaba tana zuba ta gefe guda, totuwa tana faɗuwa ta ɗayan. Nan take za ka ga wani dattijo ya damƙi tsabar, ya baza ta a tafin hannu yana duba ko ta farfashe, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, buhu nawa yake yi a awa? In ya lalace, ina zan samu kayan gyara?" Wannan tambayar ce aka tara jama'a dominta.

Haka yake ga masu bincike. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da ingantaccen iri, masarar SAMMAZ, waken SAMPEA, gyaɗar SAMNUT, amma irin da ya tsaya a ɗakin gwaji bai ƙara wa kowa dami ba. Mai shiri nagari yakan kusanto da rumfar mai bincike da ta dillalin iri da ta banki, yadda manomi zai ga iri, ya ji farashi, ya tambayi bashi, duk bai yi taku hamsin ba.

Akwai kuma ranakun da ake ware wa jihohi da hukumomi. A nan, a ganina, ake yawan yin asarar lokaci, domin jawabai sukan cinye wuni. Gwanin mai gabatarwa ya san yadda zai karrama babban baƙo, ya taƙaita masa magana ba tare da ya ji an ci masa fuska ba, sannan ya ja shi zagayen rumfuna tun rana ba ta yi zafi ba, ya kuma tabbata an tsaya a gaban ƙananan masu sana'a.

Ranar rufewa ba ta sallami mai shiri ba. Akwai littafin da aka rubuta sunan wanda ya nemi inji biyar, da wanda ya ce zai zama wakili a Maraɗi, da matar da take sarrafa garin kunun gyaɗa tana neman lambar NAFDAC. Makonni bayan an kwashe rumfuna yana nan yana buga waya, yana tambayar ko an kai kaya, ko banki ya amsa, ko takarda ta fito.