Sikanin a ɗakin gaggawa: na'ura ta iso, amma wa ke da alhakinta?

A ce wani magidanci ne daga Maruda, a ƙaramar hukumar Gwandu, ya hau kabu-kabu da yamma zai koma gida daga kasuwa, suka yi karo da mota. An kai shi asibiti mafi kusa. Babu jini a jikinsa in ban da ƙujewa a gwiwa. Yana magana, yana cewa gefen hagu na cikinsa ke ciwo. Bayan rabin awa sai gumi ya fara keto masa, bugun zuciyarsa ya ƙaru, awon jininsa ya fara sauka. Likitan da ke bakin aiki yana da tambaya guda: jini na zuba a cikin cikin mutumin nan ko a'a? In yana zuba, mai yiwuwa saifa ce ta fashe, kuma ɗakin tiyata ne kawai zai cece shi.

Na'urar sikanin, wadda yawancinmu muka sani a wajen awon ciki, tana iya amsa wannan tambaya cikin ƙasa da minti biyar, a kan gadon da mara lafiyar yake kwance. Shi ya sa a 'yan shekarun nan ake ta murna da ƙananan na'urorin da ake haɗawa da waya. Butterfly iQ, da ta fito kasuwa a 2018, kusan dala 2,000 aka fara sayar da ita, alhali manyan na'urori kan ninka haka sau da yawa. Murnar tana da dalili. Sukar da nake da ita ita ce, hirarmu duk ta ƙare a kan na'ura. Ba ma tambayar wane likita ne zai jagoranci aikin, wa zai duba ingancinsa, kuma me zai sa ƙwararre ya zauna a jiha kamar Kebbi ya mai da wannan sana'ar rayuwarsa.

Yadda abin ke aiki

Na'urar tana aika sauti mai saurin kaɗawa, sama da sau miliyan biyu a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya bugi gaɓoɓin ciki ya dawo, na'urar ta mai da amon hoto. Ƙashi kan fito fari, ruwa kuma, ko jini ne ko fitsari, ya fito baƙi. A gwajin da ake kira FAST, likita kan duba wurare huɗu: tsakanin hanta da ƙodar dama, kewayen saifa da ƙodar hagu, kewayen mafitsara, da kuma jakar da ke lulluɓe zuciya. In ya ga baƙin layi a inda bai kamata ba, to ruwa ya taru. Daga baya aka ƙara duba ƙirji, don gano iska ko jinin da ya danne huhu.

Da jin wannan sai ka ce ai abu ne mai sauƙi. Ɗora na'urar a ciki kam da sauƙi, fassara abin da ta nuna ne wahalar. Jinin da bai kai kimanin mililita 200 ba yana iya ɓuya. Raunin hanji da jinin da ke zuba ta bayan ciki sau da yawa ba sa fitowa. Don haka hoton da bai nuna komai ba, ba shaidar lafiya ba ne, dole a sake dubawa bayan ɗan lokaci. Sannan a wurarenmu akwai masu ruwa a ciki tun kafin haɗari, saboda ciwon hanta ko tarin fuka da ya sauka ciki, kuma a hoto wannan ruwan da jini kamarsu ɗaya. Wanda bai goge ba yana iya sa a yanka wanda ba ya bukata, ko ya sallami wanda ke zubar da jini.

Abin da wasu suka gina

Ian Donald, likitan mata a Glasgow, shi ne ya wallafa aikin da ya buɗe ƙofar sikanin a asibiti a 1958. Likitocin tiyata a Jamus da Japan suka riga kowa amfani da shi a kan waɗanda suka yi haɗari. A Amurka, binciken likitar tiyata Grace Rozycki a shekarun 1990 ya taimaka wajen kafa gwajin FAST. A 1999 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cewa sikanin ba mallakin sashe ɗaya ba ne, kowane fanni zai iya tsara horonsa. A 2001 ƙungiyar likitocin gaggawa ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojinta, inda ta nemi mai koyo ya yi gwaji aƙalla 150 kafin a sakar masa hannu.

Abin lura shi ne muƙamin da ya biyo baya. Sashen gaggawa kan naɗa likita guda a matsayin daraktan sikanin. Ana rage masa awannin duba marasa lafiya domin ya zauna ya duba hotunan da abokan aikinsa suka ɗauka, ya gaya wa wane ka yi daidai, wane ka yi kuskure a nan. Shi ke horar da sababbi, shi ke kula da gyaran na'ura, shi ke amsa tambaya in an samu matsala. Akwai kuma ƙarin horo na shekara guda bayan ƙwarewa ga mai son bin wannan layi. Wato matashin likita yana iya hango inda zai kai nan da shekara goma.

Abin da muka kwaso

Mu kuwa bita muka kwaso. Kwana biyu ko uku a ɗakin taro, a gwada na'ura a cikin ɗalibai masu ƙoshin lafiya, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Likita ya koma asibitinsa, babu wanda zai sake ganin hoton da ya ɗauka har abada. In ya yi kuskure sau hamsin, sai kuskuren ya zame masa ƙwarewa a nasa ganin. Ita kuma na'urar, sau da yawa tana kulle a ɗakin da mai makullinsa ya tashi tun la'asar, alhali haɗari ba shi da lokacin tashi daga aiki. Wata kuma ta tsaya saboda batir ko waya ɗaya da babu wanda aka ɗora wa alhakin sayowa.

Ga mai ganin wannan suka ta yi tsauri, akwai binciken da ya kamata ya sani. A 2018 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna First Look, da aka yi a yankunan karkara na Kongo, Kenya, Zambiya, Guatemala da Pakistan. An horar da ma'aikata, an ba su na'urori, an yi wa mata masu ciki sikanin, an tura waɗanda aka ga matsala zuwa manyan asibitoci. Duk da haka mutuwar iyaye mata da ta jarirai ba ta ragu ba idan aka kwatanta da yankunan da ba a kai na'ura ba. Binciken a kan awon ciki ne, ba haɗarin mota ba, amma darasin ya shafe mu kai tsaye: gano matsala ba ya ceton rai sai in akwai mota, akwai jini, akwai mai tiyata da ke jira. Haɗa waɗannan wuri guda kuwa aikin shugabanci ne, na'ura ba za ta yi shi ba.

Sana'ar da ba ta da tsani

Fannin likitancin gaggawa sabo ne a nahiyarmu. Afirka ta Kudu ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa a 2003. Ghana ta fara horar da ƙwararrunsa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a 2009. A Najeriya sai a 'yan shekarun nan kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ta buɗe masa sashe. Har yanzu a yawancin asibitocinmu, ɗakin gaggawa wuri ne da ake tura ƙaramin likita ya yi wa'adinsa kafin ya samu gurbi a tiyata ko fannin yara.

To, ka duba lissafin matashin likita a babban asibitin ƙaramar hukuma. Ya kashe kuɗinsa ya koyi sikanin, ya yi ta kallon darussa a intanet da dare. Albashinsa bai ƙaru ba, ƙarin girma bai san da wannan ƙwarewa ba, aiki ne ma ya ƙaru masa, domin yanzu kowa shi yake kira. Hanyoyi biyu ne ke biyan wahalarsa: ya buɗe shagon sikanin a gari yana gaya wa mata namiji ne ko mace, ko ya saka ƙwarewar a takardar neman aiki a Saudiyya ko Ingila. Ba na ganin laifinsa. Tsarin da bai tanadi kujera ga ƙwarewa ba, shi ya tura ta waje.

Akwai kuma rikicin iyaka. Likitocin hoto da ma'aikatan hoto, waɗanda hukuma ta yi wa rajista kuma suka shafe shekaru suna koyo, suna da hujja idan suka ce mai bitar kwana uku bai kamata ya rubuta rahoton sikanin ba. Gaskiyarsu ce. Sai dai sikanin gaggawa tambaya ɗaya ƙarama yake amsawa, e ko a'a: akwai ruwa a ciki? Zuciya na motsi? Cikin matar nan a mahaifa yake ko a waje? Cikakken bincike yana nan a hannun masu shi. Shugaba nagari shi ne zai zaunar da ɓangarorin biyu a rubuta iyakar kowa, ya kuma roƙi likitan hoto ya zama malamin aikin.

Kada kuma a kwafi Amurka ido rufe

Kayan aro ba ya rufe katara. A Amurka, shugabancin likita yana nufin likitoci na koyar da likitoci. A ƙauye kamar Maruda, wanda zai fara ganin mara lafiya galibi ma'aikacin lafiya na matakin farko ne, ko nas, ko ungozoma. In aka ce sai likita kaɗai zai taɓa na'ura, an rufe ƙofa ga mafi yawan jama'a. In kuma aka raba na'urori ga kowa babu mai sa ido, an buɗe ƙofar ɓarna. Tsakanin biyun ne aikin likita jagora yake: ya koya wa ungozoma abubuwa kaɗan da za ta duba, kamar kwanciyar jariri, tagwaye, bugun zuciya da inda mabiyiya take, ya riƙa ganin hotunanta, ya ɗauki alhakin abin da ta yanke a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ba da shawara a 2016 a yi wa mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako 24, ita ma ta haɗa shawarar da batun horo da sa ido.

Kebbi ba ta rasa harsashi ba. Akwai asibitin jiha a Kalgo, akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da mazauninta ke Kalgo, akwai asibitin tarayya da asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, maƙwabciya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya na matakin farko ga wannan ɓangare. Abin da ya rage a tsara ba ya cin kuɗin da gini ke ci.

A naɗa likita guda da sunansa a rubuce a kowace babbar cibiya, a rage masa wasu awanni a mako don koyarwa da duba hotuna. Kowane mai koyo ya riƙe littafin da yake rubuta gwaje-gwajensa, kada a sakar masa hannu sai an ga adadi da inganci. A riƙa tura hotuna daga ƙananan asibitoci ta waya, ba tare da sunan mara lafiya ba, a samu amsa cikin kwanaki. A kwatanta abin da sikanin ya nuna da abin da aka tarar a ɗakin tiyata, domin ta nan ne kawai za a san ko ana dacewa. A sa kuɗin man shafawa, batir, sola da gyara a kasafi tun ranar sayen na'ura. Sannan a lissafa wannan aiki wajen ƙarin girma, yadda wanda ya yi shekara biyar yana horar da ma'aikatan Gwandu da Kalgo zai ga amfanin zamansa.

Mai karatu, in ka ji an ce an kawo na'urar sikanin asibitin garinku, ka yi murna, sannan ka yi tambaya uku. Wa ke riƙe da ita da ƙarfe biyun dare? Wa ke duba hotunan da aka ɗauka? In an ga jini a cikin mutum, ina za a kai shi, kuma wa zai kira can ya ce a shirya? Magidancin nan na Maruda yana da 'yan awanni ne kawai, kuma amsoshin waɗannan tambayoyi ne za su nuna ko zai kwana a ɗakin jinya bayan tiyata ko za a koma da gawarsa gida.