Adamu Halilu da Tarihi a Majigi

Marigayi Adamu Halilu (1936-2001), haifaffen Garkida, bai rubuta littafin tarihi ba, amma yana cikin mutanen farko da suka ɗora tarihin ƙasar Hausa a kan majigi. Ya ƙware ne a finafinan wayar da kai na Gwamnatin Jihar Arewa, irin waɗanda ake haskawa a ƙofar fada, kuma wannan tarbiyya ta bi shi har cikin manyan ayyukansa.

Fim ɗin Shaihu Umar (1976) ya samo asali daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta hanyar wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara. Ƙarfinsa yana ga abin da ido ke gani, watau sutura da ayari da zaman almajirai gaban malami. Wanda bai taɓa buɗe littafi ba zai fahimci yadda harin bayi ke raba uwa da ɗa, da yadda fataucin Sahara ya haɗa ƙasar Hausa da Tarabulus. Sai dai fim ɗin ya gaji raunin littafin. Umar ne ke ba da labarinsa bayan ya zama shaihi, saboda haka bauta ta fito a matsayin jarrabawar da haƙuri ke cinyewa, ba a matsayin kasuwa mai dillalai da masu cin riba ba. Mai kallo zai tausaya wa uwar, amma ba a tilasta masa ya tambayi wanda ya amfana ba.

Daga nan Halilu ya juya ga Kanta na Kabi, inda matsalar ta sake kama. Tarikh al-Sudan ya nuna Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu ne wajen 1517, bayan saɓani kan ganimar yaƙin Agadas. A Argungu wannan labarin 'yanci ne. Amma a bakin Kwara, wajen Dole Kaina da Lolo, akwai Dandawa masu harshe dangin na Songhai, kuma ƙasar Dandi ce mafakar Askiyoyi bayan harin Maroko na 1591. Fim mai gwarzo guda da wuya ya ɗauki ɓangarorin biyu.

Shi kuwa Shaihu Umar, ya daɗe ba a ganinsa, har aka gano faifansa a ma'ajiyar finafinai ta Jos a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka haska a Balin a 2018.