Sararin da Kalashnikov Ya Bari da Gangan

Bindigar AK-47 tana fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya, wato goma a kowace daƙiƙa. Tsakanin harsashi da mai bi masa, a cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, sai ta buɗe kanta, ta zaro kwanson da ya ƙone ta yar, ta ɗana gudumarta, ta ɗauko sabon harsashi ta cusa, sannan ta kulle. Babu batir a jikinta, babu lantarki. Hayaƙin harsashin da ya fita shi ne ke yin wannan aikin gaba ɗaya. Mu a Arewa sunan wannan bindiga ba ya zuwa mana da labari mai daɗi, domin mutanen Zamfara da Katsina da Borno sun san ƙararta fiye da yadda ya kamata farar hula ya sani. Duk da haka, tunanin da aka zuba wajen tsara ta ya isa a tsaya a dube shi, don a nan ne mutum zai ga abin da ake nufi da gwaninta a aikin ƙarfe.

Mai tsara bindiga daga harsashi yake farawa, sai ya gama da shi ya gina bindigar a kewayensa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, soja yana da zaɓi biyu. Akwai doguwar bindiga mai babban harsashi da ke kai kilomita guda, amma tana harbin kafaɗa da ƙarfi, kuma sai an ja sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Akwai kuma gajeriya mai ɓarin wuta da harsashin fistol, wadda ƙarfinta ke ƙarewa bayan mita ɗari ko ɗari biyu. Da masana suka bi diddigin yadda ake gwabzawa a fagen daga, sai suka ga mafi yawan musayar wuta a cikin tazarar mita 300 ake yin ta. Ashe rabin albarushin babban harsashi asara ne. Jamusawa suka rage tsawon kwanso suka fito da harsashi mai lamba 7.92×33, Hugo Schmeisser ya tsara masa bindigar StG 44. A 1943 Tarayyar Sobiyet ta fito da nata, 7.62×39. Lambar farko kaurin harsashin ce da milimita, ta biyu kuma tsawon kwanson. Wannan matsakaicin harsashi shi ne tushen mafi yawan bindigogin sojan ƙasa na zamani: yana da ƙarfin da ya isa, kuma mutum ɗaya zai iya riƙe bindigar tana ɓari ba ta ƙwace masa ba.

Mikhail Kalashnikov, wanda ya tsara AK-47, ɗan manoma ne, an haife shi a 1919 a ƙauyen Kurya na yankin Altai, kuma bai yi karatun injiniya a jami'a ba. Kwamandan tankar yaƙi ne har aka ji masa rauni a Bryansk a Oktoban 1941. Yana cikin hutun jinya ya tafi gidan gyaran jirgin ƙasa na tashar Matai a Kazakistan, inda ya taɓa aiki, ya haɗa kai da ma'aikatan wurin suka ƙera bindigarsa ta farko. Ba a karɓe ta ba. Abin da ya biyo baya ma ba a karɓa ba. Sai a gasar tsara sabuwar bindiga da aka fara a 1946 samfurinsa ya tsallake zagayen farko, shi ma da kurakurai. A garin Kovrov, shi da wani injiniya mai suna Aleksandr Zaitsev suka yi abin da ba kowa ke da zuciyar yi ba: suka rushe tsarin da suka sha wahala a kai, suka sake shi kusan daga tushe. Bai ji kunyar aro ba. Sakata mai juyawa tana nan a bindigar Garand ta Amurka tun kafin shi, wasu dabarun kuma ya gan su a wurin abokan takararsa irin su Bulkin. Nasa aikin shi ne sanin wanne zai ɗauka, wanne zai bari, da yadda za su zauna lafiya a jiki ɗaya. Mai zana masa taswirar sassan, Ekaterina Moiseyeva, ita ce ta zama matarsa. A 1949 rundunar Sobiyet ta karɓi bindigar, aka shiga ƙera ta a Izhevsk.

Yanzu mu bi harsashi ɗaya a hankali. An taɓa kunama, guduma ta saki, ta bugi wata siririyar allura, allurar ta soki gindin kwanso inda aka ajiye ɗan sinadarin da ke kama wuta da bugu. Albarushi ya ƙone, ya zama iska mai zafi da matsi, ya tura harsashin cikin bututu mai tsawon milimita 415. A cikin bututun an yanka tsagi huɗu masu murɗewa, su ne ke sa harsashin ya fita yana juyawa, kuma juyawar ce ke hana shi tuntsurawa a iska. Yana barin baki da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa.

Kafin ya fita, sai ya wuce wani ɗan ƙaramin rami da aka huda a saman bututun. Da wucewarsa, wani kaso na hayaƙin da ke bayansa ya kutsa ramin, ya hau sama ya bugi kan fistin, wato sandar ƙarfen da ke kwance a bisa bututun. Fistin ɗin haɗe yake da wani ƙarfe mai nauyi da ke ɗauke da sakata, ita kuwa sakatar ita ce ke toshe gindin bututu lokacin harbi da haƙora biyu da suka shige gurbinsu. A nan akwai wata dabara da ido ba ya gani. Ƙarfen ba ya buɗe sakatar nan take, sai ya yi ɗan tafiya ta 'yan milimitoci shi kaɗai tukuna. A wannan ɗan jinkirin harsashi ya riga ya fice, matsin da ke cikin bututu ya sauka, buɗewa ta zama babu haɗari. Daga nan wani tsagi mai karkata da ke cikin ƙarfen ya murɗa sakatar, haƙoranta suka fita daga gurbi. Wata 'yar ƙugiya ta kama bakin gindin kwanso ta jawo shi baya, ya ci karo da wani ɗan tsini da ke tsaye, ya yi tsalle ya fice ta dama. Ƙarfen ya ci gaba da komawa baya, ya danne guduma ta ɗanu, ya matse dogon sifirin. Da ƙarfinsa ya ƙare, sifirin ya maido shi gaba, sakata ta kwaso harsashin da ke sama a gidan harsashi, ta tura shi ciki, ta murɗa ta kulle. Duk wannan kafin mutum ya ƙifta ido.

Wasu bindigogin ma haka suke aiki. Abin da ya bambanta Kalashnikov shi ne sararin da ya bari tsakanin sassan da ke motsi. A lokacin, alamar aiki mai kyau ita ce ƙarfe ya zauna cif a jikin ƙarfe, ko gashi ba zai ratsa ba. Shi kuwa ya bar fili da gangan, har idan aka girgiza bindigar za a ji tana ƙwaram-ƙwaram. Kafintan da ya san aikinsa haka yake yi wa ƙofar katako: yana rage mata kaɗan a gefe da rani, don ya san damina za ta kumbura ta. Yashi da laka da tokar albarushi dole su shiga bindigar soja, to sai ya ba su wurin zama inda ba za su tare hanya ba. Kada wani ya ɗauka sakaci ne. Inda sakata ke kulle gindin bututu, awon a matse yake ƙwarai, domin kuskure kaɗan a nan yana iya fasa kwanso a fuskar mai harbi. Gwanintar ita ce sanin inda za a matse da inda za a sassauta, kuma wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya ga bindiga ta cije sau da yawa ya zauna ya gano dalili.

Sauran jikinta ma duk tunanin mummunar rana ne. An ba fistin hayaƙi fiye da abin da yake buƙata a ranar da bindiga ke da tsabta, don ya samu rarar ƙarfin da zai ture datti a ranar da babu. Kwanson harsashin yana tsukewa daga gindi zuwa wuya, saboda haka da an ja shi kaɗan ya saki bangon da ya manne wa. Idan aka jera irin waɗannan kwansuna 30 a kan juna, layin lanƙwasa yake yi da kansa, wannan ne ya ba gidan harsashinta lanƙwasar da kowa ke gane ta da ita daga nesa. Leɓunan gidan harsashin masu kauri ne, domin yawancin cijewar bindigogi daga lotsewar wannan wurin take farawa. An shafe cikin bututu da ƙarfen kurom saboda sinadarin harsashin Sobiyet na lokacin yana jawo tsatsa. Makullin da ke gefen dama faffaɗa ne, don sojan da ke sanye da safar hannu mai kauri a sanyin Rasha ya iya motsa shi, kuma idan yana sama yana rufe tsagin da ƙura za ta bi. Komai yana da farashi, ba shakka. Ƙarfe mai nauyi da ke kai-komo yana girgiza bindiga, saiti ya ragu. A filin gwaji na Shchurovo, inda ake jiƙa bindigogi a ruwa, a tumurmusa su a yashi, sannan a ce su yi harbi, AK ba ta cika sharaɗin daidaiton saiti a ɓarin wuta ba. Alƙalan gasar suka zaɓe ta duk da haka, don ita ce ba ta tsayawa.

Aiki bai ƙare a nan ba, domin abin da gwani ya yi da hannu sau ɗaya dole masana'anta ta iya maimaita shi sau miliyan. An tsara gangar jikin bindigar da fallen ƙarfe wanda inji ke dannawa ya lanƙwasa, hanya mai sauri da araha. Amma masana'antun Sobiyet na lokacin ba su ƙware a kai ba, da yawa suna fitowa a karkace ana watsar da su. Sai aka koma sassaƙa gangar daga dunƙulen ƙarfe, aiki mai cin lokaci da ɓarnar ƙarfe, bindigar kuma ta ƙara nauyi. Shekara goma ana gyara injuna da hanyar dafa ƙarfe, har a 1959 aka fito da AKM mai gangar falle mai kaurin milimita ɗaya, wadda ta fi ta farko sauƙi da kusan kilo guda. Mafi yawan abin da mutane ke kira AK-47 a yau, AKM ce ko kwaikwayonta.

A Amurka, Eugene Stoner ya bi wata hanyar da ita ma abin sha'awa ce. Kamfanin ArmaLite da yake wa aiki, a lokacin reshe ne na kamfanin jiragen sama na Fairchild, don haka ya kawo alminiyam da roba inda wasu ke sa ƙarfe da katako. Ya cire dogon fistin, ya sa siririn bututu ya kai hayaƙi har cikin ƙarfen da ke ɗauke da sakata. Ya jera bututu da sifirin da ƙota a miƙaƙƙen layi ɗaya, ta yadda bugun zai tafi kai tsaye cikin kafaɗa, baki ba zai riƙa ɗagawa sama ba. Da ƙaramin harsashi mai gudu na 5.56×45, soja yana ɗaukar kusan ninki biyu na abin da yake ɗauka a da. Wannan ce ta zama M16. Amma da aka kai ta yaƙin Biyetnam, hukumomi suka canza nau'in albarushin da aka tsara ta a kai ba tare da isasshen gwaji ba, ba su shafa kurom a mazaunin harsashi ba, suka raba ta babu isassun kayan goge-goge, har sojoji suka ɗauka ba ta buƙatar wanki. A cikin damshin daji kwansuna suka riƙa maƙalewa, aka rasa rayuka. A 1967 kwamitin majalisar wakilan Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin. Aka shafa kurom, aka gyara nauyin abin da ke tare bugun sakata, aka raba kayan goge-goge da koyarwa, bindigar ta daidaita, jikarta M4 tana hannun sojan Amurka har yau. Tsarin Stoner lafiyarsa ƙalau, waɗanda suka ga gwaji ɓata lokaci ne su suka jawo masifar. Sobiyet kuwa ta lura da amfanin ƙaramin harsashi, a 1974 ta fito da AK-74 mai 5.45×39. A 1990 tsofaffin biyu, Kalashnikov da Stoner, suka haɗu a Amurka, kowa ya riƙe bindigar ɗan'uwansa yana dubawa.

Kalashnikov ya rasu a Izhevsk a Disamban 2013. Ya taɓa cewa da ya so a ce abin da ya ƙirƙira na'ura ce da za ta taimaki manomi, kuma kafin rasuwarsa ya rubuta wa shugaban Cocin Orthodox na Rasha wasiƙa yana bayyana damuwarsa kan rayukan da bindigarsa ta ɗauka. Wanda ya rataya ta ya shiga ƙauye da dare bai san ko ɗaya daga cikin wannan wahalar ba, bai taɓa auna ƙarfe ba, bai taɓa gyara komai ba. Ɗalibanmu na kwalejojin fasaha da maƙeranmu na Kano da Kaduna da Damagaram su ne ya dace su gaji wannan tunanin. Famfon tuƙa-tuƙa da injin casar shinkafa da injin ban-ruwa suna mutuwa a ƙauyukanmu saboda ƙurar hunturu da rashin mai gyara a kusa. Ku tsara mana su da ƙurar a zuciya, ku gwada su a cikinta har su cije, ku gano dalili kafin ku kai su kasuwa.