Faɗin Taya a Tseren Minti Guda

A farkon watan Satumba na kowace shekara, direbobi fiye da dubu kan hallara a wani tsohon sansanin sojan sama da ke garin Lincoln, a jihar Nebraska ta Amurka. Babu titin tsere a wurin. Fili ne fetal na kankare, an jera masa alamomin roba masu tsini irin na masu aikin hanya, su ke nuna wa direba inda zai bi. Mota ɗai-ɗai take shiga, agogo ne kawai abokin karawarta. Zagaye ɗaya kusan minti guda ne, kuma duk wanda ya ture alama za a ƙara masa daƙiƙa biyu a kan lokacinsa. Wannan shi ne tseren otokuros. Ƙungiyar SCCA ce ke shirya gasar ƙasa, ta fara ta a 1973 a jihar Missouri, ta mayar da ita Lincoln a 2009.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan wasa shi ne yawancin motocin na gida ne, waɗanda masu su ke zuwa aiki da su. A rukunin da ake kira Street, wato na motocin titi, doka ta hana taɓa inji. Abin da aka bar wa mutum kaɗan ne, kuma mafi girmansa taya da wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, wanda wasu ke kira rim. Saboda haka duk dabarar da aka hana ta shiga inji sai ta taru a kan taya. Kuma kusan duk sabon shiga da zance ɗaya yake zuwa: a ba ni mafi faɗi. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma tarihin wasan ma ya nuna haka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci ya san lambobin da ke jikin taya. A 205/50R15, lambar farko faɗin taya ne a milimita. Ta biyu tsayin gefenta, kashi 50 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 102.5. Ta ƙarshe girman wili, inci 15. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wancan 205 ɗin an auna shi ne a kan wili mai wani faɗi na musamman. Ga wannan taya, inci shida da rabi ne. In aka ɗora ta a kan wili mafi ƙunci sai ta tsuke, in aka ɗora ta a kan mafi faɗi sai ta buɗe, kusan milimita biyar a kowane rabin inci. Lambar da ke jikin taya alkawari ne mai sharaɗi, kuma sharaɗin yana hannun wili.

A nan dokar Street take da hikima. Ta ce wili ya tsaya a faɗin da masana'anta ta ba motar. An yarda a ƙara ko a rage inci ɗaya a girmansa, a kuma matsar da zamansa ciki ko waje da milimita bakwai, amma faɗi ba ya canzawa. Faɗin taya kuwa zaɓi wanda ka ga dama, muddin ta shiga. Ɗauki Mazda Miata ta 1999, wadda wasu samfuranta suka fito da wili mai faɗin inci shida da taya 195/50R15. Mai ita yana iya sa 205, yana iya cusa 225/45R15. To amma 225 an yi ta ne don wili na inci bakwai zuwa takwas da rabi. In aka matse ta a kan inci shida, gefenta sai ya kumbura kamar tulu, fuskarta ta ɗan yi doro, bakunanta biyu su ɗaga daga ƙasa. Mutum ya biya kuɗin 225, abin da ke taka ƙasa kuwa bai kai haka ba.

Ba a nan kaɗai asarar take ba. Kusan kowace hanyar otokuros tana da jerin alamomi a layi ɗaya, waɗanda mota ke saƙawa tsakaninsu, dama, hagu, dama, cikin daƙiƙu ƙalilan. Idan direba ya juya sitiyari, wili ne ke fara juyawa, sai gefen taya ya miƙa saƙon ga fuskar da ke ƙasa. Gefen da ya tsaya a miƙe nan take yake isar da saƙo. Wanda ya kumbura sai ya lanƙwasa tukuna. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a alama ta farko ka makara kaɗan, a ta biyu ka ƙara makara, a ta biyar gindin motar ya share ta. Daƙiƙa biyu sun tafi, a wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Gaskiya ne akwai gwanayen da ke matse babbar taya a kan ƙaramin wili su kuma ci gasa, domin wasu tayoyin gefensu na da tauri, kuma hannun gwani ya san ya fara juyi da wuri. Sun zaɓi hakan ne bayan gwaji, sun san abin da suka sayar da abin da suka saya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana rukunin Street Touring, inda aka yarda a canza faɗin wili har zuwa wani iyaka. A da ana ba ƙananan motocin ajin STS damar wili na inci bakwai da rabi da taya har 225. Amma shekaru da dama masu tsofaffin Honda CRX da ke cin gasa 195 ko 205 suke sawa. A ajin STR an ba da inci tara da 255, duk da haka masu sabuwar Miata da yawa suka tsaya a 245. Mutanen da ke kashe dukiya don neman kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba za su bar faɗin da doka ta halatta musu a banza ba.

Dalilin farko shi ne wanda na faɗa, taya ta zauna daram a kan wilinta. Na biyu zafi ne, kuma shi ne ya raba otokuros da sauran tsere. Danƙon taya ba ya kama ƙasa sosai sai ya ɗumama. A tseren da'ira direba yana da zagaye bayan zagaye na ɗumama shi. A nan daga tsaye kake tashi, kwana ta farko tana gabanka, kuma a gasar ƙasa dama uku kawai gare ka a kowace hanya, hanya biyu cikin kwana biyu, a haɗa mafi kyawun lokutanka. Motar da ba ta kai tan ɗaya ba, in aka sa mata taya mai faɗin gaske, nauyinta ba zai wahalar da danƙon ya yi zafi ba, musamman da sanyin safiya. Sai ta gama zagaye tayar ba ta farka ba. Babbar mota kamar Camaro ko Mustang matsalarta akasin haka ce, tana dafa ƙaramar taya kafin rabin hanya, danƙon ya yi santsi. A wurinta faɗi magani ne. Ba wai don faɗi yana ƙara girman inda ke taka ƙasa sosai ba, wannan nauyin mota da yawan iska ne suka fi yanke shi. Faɗi yana sauya siffar wurin ne, ya zama gajere mai faɗi, wanda ya fi jure turin kwana, ya kuma raba zafi.

A layin jira, tsakanin zagaye da zagaye, ake ganin wannan ilimi da ido. Mota na dawowa direba zai fito ko kwalkwali bai cire ba, ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a kan tayar gaba. Sai ya kafa ma'aunin iska, ya saki kaɗan, domin zafi ya ƙara mata. Kafin ya fita ya zizara alli a kafaɗar tayar, yanzu yana duba inda allin ya goge. In gogewar ta gangara gefe, tayar na kwanciya a kwana, tana son ƙarin iska ko kuma ta fi ƙarfin wilinta. Kusa da shi wani na fesa wa tayoyinsa ruwa da famfon feshi irin na manoma, don motar mutum biyu ke tuƙa ta kuma ba ta samun hutu. Can gaba kuma wani ya lulluɓe nasa da bargo mai riƙe zafi. Rana ɗaya, fili ɗaya, wani na neman sanyi wani na tattalin ɗumi. Ban san wata amsa da ta fi wannan ga mai tambayar wace taya ce ta fi ba.

Akwai kuma tsayi, wanda sabon shiga ba ya ko tunawa da shi. Yawancin hanyoyin otokuros a giya ta biyu ake gama su. Taya 195/50R15 tsayinta duka milimita 576 ne, 205/50R15 kuwa 586. Bambancin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Amma in giya ta biyu tana ƙarewa a kilomita 95 cikin awa da ta farkon, da ta biyun za ta haura 96 da rabi. A miƙaƙƙen wuri mafi tsawo, wannan ɗan ƙarin na iya hana inji kaiwa maƙura, ya hutar da direba shiga giya ta uku da komowa ta biyu. Motar da ba ta da ƙarfi kuma gajeriyar taya take so, don ta fizga da sauri daga kwana. Shi ya sa damar nan ta ƙara ko rage inci ɗaya a girman wili take da daraja. Wani na sauka daga 18 zuwa 17 don wili ya yi sauƙi, taya ta yi araha, in dai birki ya samu wurin zama. Wani na hawa daga 14 zuwa 15 saboda a can ne kamfanoni ke yin tayoyin kirki. Sau da yawa kasuwa ce ke yanke hukunci: girman da lissafi ya ba ka, in ba a yin sa, ba shi da amfani.

Inda nake da ƙorafi shi ne dokar danƙo. Kafin 2014 ana shiga rukunin motocin titi da tayoyin tsere masu laushi irin na Hoosier, waɗanda ke ƙarewa da wuri. Aka sauya doka don a sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, daga 2015 aka ce sai taya mai lambar juriya 200 ko sama. Niyyar tana da kyau. To amma ita lambar, wadda gwamnatin Amurka ta tsara gwajinta a kan hanyoyin da ke kusa da San Angelo a jihar Texas, kamfani ne ke ba tayarsa da kansa. Nan da nan kamfanoni suka shiga rige-rigen yin taya mai ɗauke da 200 wadda halinta ya kusa na tsere. Bridgestone ta fito da RE-71R, Yokohama da A052, Falken da RT660, kowace da halinta wajen zafi da taurin gefe, har ma da faɗi, domin 245 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da 245 ta wancan ba. Duk sabuwar da ta fito sai ta rushe lissafin bara. Girman da ya dace da motarka a kan tsohuwar taya ba lallai ya dace a kan sabuwa ba, kuma mai iya sayen kashi biyu ko uku ya gwada shi ke gano amsa da wuri. Mujallar Grassroots Motorsports, wadda ta fara fitowa a 1984 da sunan Auto-X, da kamfanin Tire Rack da ke ɗaukar nauyin gasar ƙasa, suna buga sakamakon gwaje-gwajensu, wannan na rage wa talaka asara. Amma gwajin da aka yi da wata mota a kan wata kwalta ba zai gaya maka yadda taka za ta yi a kankaren Lincoln ba, inda ɓarɓashin danƙon tayoyin wasu ke manne wa taka, har sai ka ɗaga mota ka kankare shi kafin zagaye na gaba.

Duk da haka ina goyon bayan a bar faɗin wili a ɗaure. Da an sake shi, da kowa ya sayi mafi faɗi, ya yanke jikin mota don ya shiga, wasan ya koma na aljihu zalla. Da yake an ɗaure shi, mai Miata da wilinsa na inci shida dole ya zauna ya auna milimita ashirin na ƙarin faɗi da saurin amsa sitiyari, ya duba ko da safe zai fita ko da rana tsaka, ko shi kaɗai zai tuƙa ko da abokin tuƙi, ya kuma durƙusa ya karanta abin da alli ya rubuta a kafaɗar tayarsa.