Kwalbar da Ba Ta da Suna: Nazarin Al'adar "Giyar Abokai" a Birnin Liyon

A birnin Liyon na Faransa akwai wasu ƙananan gidajen abinci da ake kira bouchon. Tebura a matse suke, kujeru na katako, abincin kuma na talakawa ne tun asali: kayan ciki, tsiran alade, dankali da cuku. Idan abokai suka zauna, sau da yawa abin da ake dire musu wata kwalba ce mai kaurin gindi, babu takarda a jikinta, babu sunan gona, babu shekara. Ana kiranta pot, tana ɗaukar santilita 46 na giyar inabi, wato kusan rabin lita. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, a da ana cika biyu daga lita guda, ɗan abin da ya rage ya zama rabon mai gida.

Ni ba na shan giya, haka ma akasarin masu karatu, domin addini ya hana mu. Amma duk wanda karatu ko aiki ya haɗa shi da Faransawa, kamar 'yan'uwanmu da yawa na Nijar, ya san cewa rabin zumuncinsu a kan tebur ake ƙulla shi. Shi ya sa nake ganin ya dace a duba wannan al'ada da idon basira, da kyawunta da muninta.

A ƙarni na 19, masu saƙar siliki na Liyon kan fara aiki tun kafin asuba, sai da hantsi su taru su ci abinci mai nauyi da suke kira mâchon, su kora da giyar Beaujolais, yankin da ke arewa da birnin. A wancan zamani babu wanda ke ba wani shawarar abin da zai sha. Abin da gonar kusa ta bayar shi ake sha, kuma ana lissafa shi cikin abinci kamar burodi. Har yara ana ba su gauraye da ruwa, sai a 1956 gwamnati ta hana shi a ɗakunan cin abincin makaranta ga 'yan ƙasa da shekara 14. A shekarun 1960, idan aka raba abin da ƙasar ke sha a shekara, kowane mutum zai tashi da fiye da lita 100. Yau abin ya sauko zuwa wajen lita 40.

Wannan saukowa ita ce ta ƙarfafa al'adar ba da shawara. Da giya ta daina zama abin kullum, ta koma abin da ake buɗewa idan an haɗu, dole wani ya zaɓa, kuma dole ya faɗi dalilin zaɓinsa. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Hanya ta farko ta manya ce, kuma ta daɗe. A 1855 aka jera fitattun gonakin Bordeaux hawa biyar saboda baje kolin duniya na Paris. A 1935 aka kafa dokar da ke ƙayyade yankin da kowace giya za ta fito da irin inabin da za a yi ta da shi. A 1978 wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, ya fara mujallar da ke ba giya maki bisa 100, kamar malami na gyara jarrabawa, har makinsa ya riƙa ɗaga farashi a kasuwannin duniya. Mai bin wannan hanya kwalba yake kallo.

Hanya ta biyu ita Faransawa ke kira vin de copains, wato giyar abokai, kuma ita ce ta fi ba ni abin nazari. Irin inabin Beaujolais, mai suna Gamay, yana ba da giya marar nauyi, mai ɗan tsami, wadda ba ta da baurin nan mai kama harshe irin na goro. Ba a ajiye ta shekaru, ana ɗan sanyaya ta a sha. A shekarun 1980 wasu manoma irin su Marcel Lapierre na yankin Morgon, bisa koyarwar masani Jules Chauvet, suka rage magungunan gona da sinadaran da ake zubawa a randa, suka dawo wa wannan giya da mutuncinta bayan an daɗe ana raina ta.

Idan ka lura da wanda aka miƙa wa zaɓi a irin wannan zama, za ka ga tambayarsa ta farko ita ce me kowa zai ci. Mai kifi da mai naman sa ba abu guda ya dace da su ba, don haka sai ya nemi wadda za ta tsaya tsakani. Sannan ya auna aljihun jama'a, domin galibi raba kuɗin ake yi daidai wa daida, kuma wanda ya kira kwalba mai tsada ya ɗora wa abokinsa marar ƙarfi nauyin da kunya za ta hana shi ƙi. Idan ya tashi yabo, ba ya jero sunayen ƙamshi goma. Zai ce ya san manomin, ko ya sha ta bara a gidan ƙanwarsa, ko ya ce wa ɗaya daga cikinsu, "Kai da ba ka son mai nauyi, wannan taka ce." A ganina gwanintar ke nan: shawarar tana nuna yadda ya san mutanen da ke gabansa, kuma ta bar hira ta ci gaba ba tare da kwalba ta ƙwace zancen ba.

Wannan nauyi ba ƙarami ba ne, domin harshe yana bin abin da aka gaya masa. A 2001 masu bincike a Bordeaux, cikinsu har da Frédéric Brochet, suka rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano, suka ba ɗaliban fannin giya 54 su shinshina. Sai ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Idan ido kaɗai ya juya hancin masu koyon sana'ar, ina ga maganar aboki da ake girmamawa? Mai ba da shawara yana tsara wa sauran abin da za su ji tun kafin su kurɓa, kuma zai iya amfani da wannan ya faranta musu ko ya nuna musu ya fi su sani.

Sai dai ba zan yabi al'adar in rufe ido ga abin da ke ƙarƙashinta ba. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya halaka gonakin inabin Faransa, har sai da aka yi wa itatuwan aure da saiwar inabin Amurka. A cikin wannan ƙarancin ne Turawan mulkin mallaka suka cika ƙasar noman Aljeriya da inabi, har Aljeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da giya a duniya kafin 'yancinta a 1962. Giya mai arha da ma'aikacin Faransa ya sha shekara da shekaru, kaso mai yawa daga cikinta gumin leburori Musulmi ne waɗanda ba sa sha, a gonakin da aka ƙwace wa iyayensu. Marubuci Roland Barthes ya taɓo wannan a littafinsa Mythologies na 1957, kuma har yau ba kasafai ake tuna shi a kan tebur ba.

Batun lafiya ma ya canza. A 1991 aka yayata cewa jar giya ce ke kare zuciyar Faransawa duk da maiƙon abincinsu, amma a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Hukumomin lafiyar Faransa da kansu suna cewa kada a wuce kofi biyu a rana, kuma ba kullum ba.

Inda al'adar ta fi rauni shi ne wajen wanda ya ɗora hannu a kan kofinsa ya ce ba ya sha. Mace mai ciki, mai jinya, wanda ya tuba daga shaye-shaye, ɗalibin da ya zo daga Zinder ko Maraɗi, duk sun san tambayar da ke biyo baya da nacin "ko kaɗan ne". Mutumin da ya iya tuna cewa abokinsa ba ya son mai bauri, ai bai kamata ya kasa tanadar wa wani ruwan 'ya'yan itace mai kyau ba tare da neman bayani ba. Matasan Faransa sun fara gyara wannan, amma tafiyar da sauran aiki. Lokacin da aka shirya kiran jama'a su ƙaurace wa barasa tsawon watan Janairun 2020, gwamnati ta janye hannunta kafin a fara, ƙungiyoyin lafiya ne suka ɗauki nauyin shirin su kaɗai.