Ɗumamen Turawa ya shiga kanti

A Ingila akwai wani abinci da ake kira bubble and squeak, wai saboda ɓararraka da tsuwar da yake yi a kasko. Ragowa ce asalinsa. Ranar Lahadi iyali su ci gasasshen nama da dankali da kabeji, abin da ya saura ya kwana, Litinin a marmashe shi a soya da kitse. Babbar ranarsa ita ce washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba. A taƙaice dai, ɗumamen Turawa ke nan.

Yanzu kuwa ya samu shiga. Za ka gan shi a manyan kantuna cikin roba, an haɗo shi daga masana'anta. Gidajen abinci masu tsada su kan dafa sabon dankali da sabon kabeji, su mulmula kamar waina, su ɗora ƙwai a kai, su saka kuɗin da zai sa ka sake duba takardar. Ni abin dariya yake ba ni. Kamar a tuƙa sabon tuwo da asuba ne a ce maka ga ɗumame.

Na fara cin sa ne a gidan wata tsohuwa da na yi haya a wurinta a Leeds. Ta ciro kwano daga firji, dankali ya yi sanyi ya daskare, kabeji ya yi laushi, har da guntun karas biyu. Ta zuba a kasko, ta danne da bayan cokali, ta ƙyale shi. Sai da ƙasan ya kama, ya yi ja, sannan ta kankare ƙanzon ta juya shi ciki, ta sake dannewa. Sau uku ta yi haka. Dankalin da ya kwana ya riga ya tsane, shi ya sa yake kamawa ya yi ƙanzo. Sabo ruwa gare shi, sai ya caɓe, dole mai dafawa ya nemi gari ko ƙwai ya riƙe masa shi.

Masu kare sabon yayin suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Abincin ya taɓa sauya kama. A littafin girkin Maria Rundell na 1806 naman shanu ne da kabeji, babu dankali. Dankalin daga baya ya mamaye kaskon, musamman da aka fara rabon abinci da kati a 1940, nama kuwa bai fita daga takunkumi ba sai 1954. To amma wancan sauyi rashi ne ya kawo shi, kuma bai raba abincin da aikinsa ba, wato hana ragowa zuwa bola. Wanda ya sayo na roba, ragowar Lahadinsa tana nan a firji tana jiran kwandon shara.

Na taɓa sayen na kantin sau ɗaya. Gishiri daidai, siffa gwanin sha'awa. Na yi ta juya shi da cokali ina neman ƙanzo, ban samu ba.