Gwanintar Masu Shata Iyakar Najeriya da Kamaru

A ranar 10 ga Oktoba, 2002, alƙalan Kotun Duniya da ke birnin Hague suka yanke hukunci a ƙarar da Kamaru ta kai Najeriya tun watan Maris na 1994. Abin da ya shiga kunnen jama'a a lokacin shi ne Bakassi ta tafi hannun Kamaru. Amma hukuncin bai tsaya a Bakassi ba. Ya shafi iyakar ƙasashen biyu ɗungurungum, tun daga Tafkin Chadi har bakin teku, tafiyar kilomita wajen 2,000 ta cikin fadama da duwatsu da kurmi. Alƙalai sun faɗi inda layin ya bi a takarda, suka tashi. Ba su je sun nuna wa manomi a duwatsun Mandara ko masunci a Darak da ke Tafkin Chadi inda ya bi a ƙasa ba. Wannan aiki wasu mutane aka bar wa, waɗanda ba kasafai ake jin sunayensu ba: safiyo-safiyo, masu zana taswira, lauyoyi, tafintoci da jami'an diflomasiyya na ɓangarorin biyu. A ganina, aikin da suka yi yana cikin mafi kyawun abin da Afirka ta nuna a harkar zaman maƙwabtaka, kuma ba a yaba musu yadda ya kamata ba.

Wanda yake ganin abin mai sauƙi ne, ya dubi Habasha da Eritiriya. A cikin shekarar nan ta 2002, a watan Afrilu, wata hukumar ƙasa da ƙasa ta yanke musu hukunci a kan iyakarsu, bayan yaƙin da suka gwabza daga 1998 zuwa 2000. Garin Badme ya faɗa wa Eritiriya, Habasha ta ƙi sakinsa. Hukumar ta jira har ta gaji, a 2007 ta tattara kayanta ba tare da an kafa ko turke ɗaya ba, ta bar musu lambobi a taswira. Sojoji suka ci gaba da zaman doya da manja a bakin iyaka shekara da shekaru. Najeriya da Kamaru ma ba su rasa dalilin bin wannan hanya ba. An kashe sojojin Najeriya biyar a yankin Bakassi a watan Mayun 1981, an sake yin arangama a farkon 1994, ga kuma zancen man fetur da ke ƙarƙashin ruwan.

Dabara ta farko an yi ta ne tun hukunci bai fito ba. A watan Satumban 2002, Kofi Annan, wanda yake babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya haɗa Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya a kusa da birnin Paris, aka tattauna yadda za a karɓi hukuncin tun ba wanda ya san inda zai faɗa. Wannan hikima ce babba, domin neman alkawari daga mutum kafin ya san ko shi ne zai sha kaye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Bayan hukuncin, a ranar 15 ga Nuwamba, ya sake haɗa su a birnin Geneva, inda aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu a ƙarƙashin jagorancin wakilinsa, Ahmedou Ould-Abdallah ɗan ƙasar Muritaniya. Najeriya ta tura Bola Ajibola, tsohon ministan shari'a wanda ya taɓa zama alƙali a Kotun Duniyar. Kamaru ta tura Amadou Ali, nata ministan shari'ar, haifaffen Kolofata, garin da ke dab da iyakar Borno. Aka tsara zaman ya riƙa zagayawa, yau a Yawunde, gobe a Abuja, don kada wani ya zama kullum baƙo a gidan wani.

Sai batun abin da za a fara da shi. Da gaggawa aka bi, da Bakassi za a fara, tunda nan ne wutar take. Ba su yi haka ba. Suka fara da Tafkin Chadi. Tafkin ya ja baya ƙwarai tun farin shekarun 1970, mutane suka bi ruwa suna kafa ƙauyuka a inda ya janye, har suka wuce iyaka ba tare da kowa ya lura ba. Sunayen wasu ƙauyukan, irin su Garin Wanzam da Doron Liman da Sabon Tumbu, sun isa su nuna maka cewa Hausawa masunta da 'yan kasuwa suna cikin waɗanda suka sare dajin. A watan Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a can, ita ma Kamaru ta miƙa wa Najeriya Dambore. A Yulin 2004 Najeriya ta ba da Narki, ta karɓi Ndabakura da Burha-Wango. Ko da yake abin da Najeriya ta bayar ya fi yawa, an tsara lamarin ta yadda kowane shugaba zai koma gida ya ce an ba shi, shi ma ya bayar. Kafin a iso Bakassi, jami'an ɓangarorin biyu sun riga sun saba da tsayawa tare a fili ana sauke tuta ana ɗaga wata ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wajen karatun tsofaffin takardu. Iyakar nan ba daga yarjejeniya ɗaya ta fito ba. Akwai wadda Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Bayan Jamus ta rasa Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba ta a 1919, gwamnoninsu biyu, Thomson da Marchand, suka fayyace layin tsakanin 1929 da 1930, aka tabbatar da shi a 1931. Wani yanki kuma ya samo asali ne daga dokar da Ingila ta yi a 1946 ta raba yankin da take riƙo gida biyu, arewa da kudu. Wannan layi ya zama iyakar ƙasa da ƙasa bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, lokacin da arewacin ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna, kudancin ya bi Kamaru.

Turawan da suka rubuta takardun nan da abin da idonsu ya gani suka kwatanta iyakar: a bi kogi kaza, a hau tozon dutse kaza inda ruwan sama ke rabuwa biyu, a sauka a bar ƙauye kaza a hannun dama. Duk wanda ya taɓa halartar rabon gonar gado ya san irin wannan rigima: marigayi ya ce iyaka tana gindin tsamiya, tsamiyar ta faɗi shekara talatin da suka wuce, gambar da aka dasa kuma ta yaɗu. Haka lamarin yake a nan. Kogin Ebeji yana rabuwa biyu kafin ya shiga tafki, to wanne reshe ake nufi? A Limani kogin ya kasu rassa da dama. Kogin Kirawa yana da hanyoyi biyu. Akwai ma wani sashe a kudancin Mandara inda takardar da kanta ta ce a bi layin rabuwar ruwa da wani Bajamushe mai suna Moisel ya zana a taswirarsa, alhali ta yarda cewa zanen nasa kuskure ne. Wato sai safiyo ya gano ainihin inda kuskuren tsohuwar taswira ya faɗa a doron ƙasa, ya bi shi da gangan. Kotun ta duba wurare 17 masu irin wannan sarƙaƙiya ta ba da fassara, amma fassarar ma sai an kai ta daji an gwada.

Ga yadda ake yi. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗa sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ɗora layin wucin gadi a kansu. Aka kafa tashoshin awo a ɓangarorin biyu domin ma'aunin kowa ya zama ɗaya, kada na'urar Abuja ta faɗi wani abu ta Yawunde ta faɗi wani. Daga nan tawagar haɗin gwiwa, 'yan Najeriya da 'yan Kamaru da jami'an Majalisar, ta shiga daji. Inda mota ta tsaya a ci gaba da ƙafa, wani wurin sai da jirgi mai saukar ungulu. In an iso wurin da takarda ta ambata, sai a karanta ta da Turanci da Faransanci, a duba na'ura, a dubi ƙasa. Sau da yawa sai an nemi dagaci da dattawan gari, domin dutsen da Bature ya rubuta da sunan Fulatanci, mutanen da ke zaune a gindinsa wataƙila da wani suna suke kiransa, kuma su ne suka san inda kogi yake bi kafin ya sauya hanya. Idan an daidaita, a rubuta lambobin wurin, ɓangarori uku su sa hannu.

Idan ba a daidaita ba fa? Nan ne ƙa'idar da ta ceci aikin take. Ba a tsayawa. A rubuta abin da kowa ya ce, a ajiye wurin a gefe, a miƙa shi ga na sama, tawaga ta wuce gaba. Da haka wuraren da aka amince da su suka yi ta taruwa har suka kai kusan dukkan tsawon iyakar, waɗanda ake ja-in-ja a kansu suka koma 'yan tsiraru. Mutumin da ya sa hannu sau ɗari tare da kai, da wuya ya kifar da teburi a kan na ɗari da ɗaya.

Akwai abin da na'ura ba ta iya warwarewa. Ƙauyen Turu na Kamaru ya bunƙasa ya tsallaka cikin Najeriya, ƙauyen Koja na Najeriya shi ma ya tsallaka cikin Kamaru. Kotun ta ce ba ta da ikon gusar da layi don gari ya faɗaɗa, ta bar wa ƙasashen biyu su nemo mafitar da za ta kare haƙƙin mazauna. Ka tuna kuma cewa wannan layi ya ratsa tsohuwar ƙasar Fombina ne, ya bar Yola a gefe guda, Garwa da Ngaundere a ɗaya gefen. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, makiyaya ɗaya. Saboda haka hukumar ta kafa wani ƙaramin kwamiti na musamman don jama'ar da abin ya shafa, ana zuwa gari-gari ana yi wa mutane bayanin cewa turken kankare ba katanga ba ne, kuma wucewar layi ba ta ƙwace wa kowa gonarsa ba. Jami'in da zai zauna a zauren dagaci ya faɗi wannan har a yarda da shi, ba ƙaramin gwani ba ne.

Bakassi ta zo daga baya. A ranar 12 ga Yuni, 2006, a gidan Greentree da ke jihar New York ta Amurka, Obasanjo da Biya suka sa hannu a gaban Annan, wakilan Amurka da Ingila da Faransa da Jamus suna shaida. Sojojin Najeriya suka janye a watan Agustan shekarar, aka kammala miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta, 2008, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, duk da cewa Majalisar Dattawan Najeriya ta nuna adawarta a 2007. Aka kuma ba da wa'adin shekara biyar na sassauci wanda ya ƙare a 2013. Kamaru ta ɗauki alkawarin ba za ta kori 'yan Najeriya mazauna yankin ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, ba za ta hana su kamun kifi da noma ba. A nan dole a faɗi gaskiya: mutanen Bakassi da yawa sun sha wuya. Waɗanda suka zaɓi komawa Jihar Kuros Riba sun daɗe suna kukan rashin matsuguni na kirki, waɗanda suka zauna kuma sun yi ta ƙorafin haraji da takurawar jami'an tsaro. Wannan gazawar gwamnatoci ce wajen cika abin da masu sulhu suka rubuta, kuma tabo ne da bai kamata a rufe shi da yabo ba.

Kafa turakun kansu an fara shi a ƙarshen 2009 a wajen Banki da Amchide, garuruwa biyu da suke manne da juna. Turaku fiye da 2,000 ake bukata. Rikicin Boko Haram ya tsayar da aikin a arewa, kuma a farkon 2017 'yan bindiga suka kashe mutum biyar daga cikin ma'aikatan a kusa da Konca. Allah ya jiƙansu. Bayan an yi makoki an ƙara tsaro, abokan aikinsu suka koma daji.

Tun farko hukumar ta fahimci cewa layi kaɗai ba ya riƙe zumunci, sai an haɗa shi da abin da mutane za su ci moriyarsa. Shi ya sa ta sa hanyar Inugu zuwa Bamenda cikin abubuwan da take matsawa a kai. Bankin Raya Afirka ya jagoranci ba da kuɗin, aka gina hanyar mai tsawon kilomita fiye da 400, aka kuma buɗe sabuwar gada a kan Kogin Kuros tsakanin Mfum da Ekok a watan Nuwamban 2022. Tafiyar da a da manyan motoci kan kwana suna fama da taɓo a damina, yanzu ta zama ta sa'o'i.

Abin da ya rage a gaban ƙasashen biyu shi ne ruwa. Madatsar Lagdo da Kamaru ta kammala a kan Kogin Binuwai a 1982, duk lokacin da aka saki ruwanta a shekarar da damina ta yi ƙarfi, mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi ne suke kwana a tsaye, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangaren Najeriya don tare wannan ruwa har yau ba a kammala ta ba. Ƙasashen biyu suna da mutanen da suka shafe fiye da shekara 20 suna awo tare, suna sa hannu a takarda ɗaya, kuma sun san bakin kogin nan taku-taku. Su ya kamata a damƙa wa maganar Lagdo.